Ranar da Yaya Ya Hau Benen Inshora

A gidanmu ni ce mai baki. Umma takan ce in da da baki ake biyan haya, da tuni mun mallaki gidan da muke ciki har da na maƙwabta. Duk abin da ya haɗa da ofis, ko bin layi, ko cike fom, ko sa-in-sa da ma'aikaci, ni ake turawa, kuma ban cika dawowa hannu rabbana ba. Shi ya sa shekara shida da suka wuce, da lokacin sabunta takardun motarsa ya yi, Yaya bai nemi shawarar kowa ba. Ya miƙo mini takardun a cikin leda ya ce, "Auta, tunda Allah ya sa kin buɗe shago a ƙarƙashin mutanen inshora, bana babbar inshora nake so. Na gaji da ƙaramar nan ta nuna wa ɗan sanda."

Yaya ya girme ni da shekara tara. Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara uku, ƙafafunsa biyu suka shanye, ba su ƙara girma yadda ya kamata ba. Da hannu yake tafiya, silifa ɗaya a kowane tafi, yana ɗaga jikinsa yana ajiyewa. Daga ƙugu zuwa sama kuwa ƙato ne, in ya riƙe maka hannu wurin gaisuwa sai ka duba yatsunka ka ga ko sun cika. Gyaran keken ɗinki yake yi. Teloli suna kiransa Likita, domin daga bakin ƙofa zai ji ƙarar keke ya faɗi ciwonsa tun bai buɗe jakar kayan aiki ba.

Motar kuwa aikin Babanmu ce, Allah ya ji ƙansa. Mai walda ne. Ya sayi tsohuwar mota mai canza giya da kanta, ya shafe wata biyu yana kwance a ƙarƙashin sitiyarinta, Umma tana ta faɗa abinci yana hucewa. Ya jawo rodi biyu daga birki da totur, ya haɗa su da wani mariƙi na ƙarfe a gefen sitiyari: ka tura gaba mota ta tsaya, ka jawo baya ta tafi. Ya naɗe mariƙin da robar tiyo, ya kafa wani ƙarfe a saman ƙofa wanda Yaya zai kama ya cilla jikinsa kan kujera. Aikin ba shi da kyan gani, waldar duk tudu-tudu, amma shekara goma sha huɗu ko noti ɗaya bai taɓa kwancewa ba. Da ita Yaya ya yi gwajin tuƙi ya karɓi lasinsa. Baba ya ga shekara biyar na motar a kan titi sannan ya rasu.

Ba zan manta ranar da Yaya ya dawo gida yana dariya har da hawaye ba. Wai wani direban bas ne ya zage shi a mahaɗa, ya leƙo ta taga yana ihu, "In ka isa ka fito mu gwada!" Yaya ya ce, "Umma, kin ji fa? Ni aka ce in fito a gwada." Zagin nan daɗi ya yi masa. A cikin mota tsayinsa ɗaya da na kowa, ba mai ce masa sannu bawan Allah, ba mai laluben aljihu ya jefa masa tsaba. Da motar ya zagaye shagunan teloli har ya yi suna, da ita ya riƙa kai Baba asibiti a ciwon ajalinsa, da ita ya nemi matar da ya aura.

Shagona yana cikin wani bene mai hawa ɗaya, shaguna a ƙasa sun zagaye fili, ofisoshi a sama. Kwafi nake yi, da buga takardu, da rufe su da leda. Ofishin inshorar yana saman kaina daidai, har nakan ji in an ja kujera. Matar da ke karɓar takardu a can muna kiranta Anti Mai Hatimi. Dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya, ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai son bayani. Ita kuma Mai Kwafi take ce mini. Tare muke cin abincin rana a shagona, saboda fankata ta fi tasu ƙarfi.

Na hau wurinta da ledar Yaya, ta gyara zama ta fara.

"Ƙaramar ita ce wadda doka ta tilasta wa kowa," ta ce. "In mai mota ya buge wani, ko ya fasa kayan wani, mu za mu biya wancan ɗin. Shi kuwa da motarsa, ko ƙwan fitila ne ya fashe ba ruwanmu. Babbar ita ce mai rufa wa mai motar kansa asiri. Sai dai ita sai an kawo motar nan fili, mai dubawa ya duba ta ciki da waje, mai motar ya fito gefenta a ɗauke su hoto tare."

"Ya fito?" na ce.

"Ya fito mana. Ko minti goma ba a yi. Motar waye?"

"Ta wani mai yin kwafi a wurina ce," na ce. Ban shirya faɗin haka ba, ji na yi kawai ta fito.

Bari in faɗi abin da ya jawo, ko da yake ba hujja ba ce. Ina yarinya ni ce mai dambe a kan Yaya. Duk wanda ya kira ni ƙanwar gurgu sai na fasa masa baki, sau biyu ana kiran Baba makaranta saboda ni. To a makona na farko a benen nan, muna zaune da 'yan ofisoshin sama masu takalma ƙwas-ƙwas, wani mabaraci ya shigo fili yana jan jiki, sai ɗayansu ya yi wata magana ta raini a kansa. Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na yi. Sabuwa ce ni, ina so su saba da ni su riƙa sauko mini da aiki. Tun daga dariyar nan ban ƙara samun bakin cewa ina da yaya mai tafiya da hannu ba. In ya rage mini hanya da safe, a kwanar titi nake cewa ya sauke ni, wai ƙofar benen ba wurin juya mota.

Na tsaya ina kallon filin ta tagar Anti Mai Hatimi. Inda ake duba motoci daidai ƙofar shagona yake. Na hango Yaya a raina yana buɗe ƙofa, yana jefa silifa ƙasa, yana saukowa a gaban mutanen nan, mai hoto yana neman yadda zai sa shi da motar su fito a hoto ɗaya. Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba. Na ce, "Anti, a yi masa ƙaramar dai. Ba ya son wahalar kawo mota."

A gida na mayar wa Yaya ragowar kuɗinsa na ce, "Sun ce ba sa yi wa motar da aka taɓa birkinta babbar inshora. Ƙaramar kawai za su iya." Har da ƙarin gishiri, wai na wanke su tas kafin in sauko. Ya ce, "To. Ai ba su san Baba ba ne." Ya ninke takardar ya sa a aljihun mota.

Duk shekara sai ya tambaye ni, "Auta, har yanzu ba su canza ba?" Ni kuma in ce, "Har yanzu, Yaya." Duk shekara ita ma Anti sai ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan naki ya daure ya kawo motarsa, ƙaramar nan takarda ce kawai." In ce zan gaya masa. Ina lallashin kaina da cewa ai Yaya ya fi duk masu ƙafa iya tuƙi, mutumin da ko kaza bai taɓa takawa ba. Kuma gaskiya ne, ya fi su. Amma titi ba na mutum ɗaya ba ne, wannan ko ni na sani.

Ranar wata Talata da hantsi matar Yaya ta kira ni tana kuka, da ƙyar na gane sunan asibitin. Wata tsohuwa ce ta sauko daga bas ta ratsa titi ta gaban bas ɗin ba ta duba ba. Yaya ya tura mariƙin har ƙarshe, ya ga birki ba zai ishe shi ba, sai ya murɗe sitiyari. Motar ta haye gefen titi ta daki katangar wani gida, daidai ginshiƙin get. Tsohuwar kuwa, in ji waɗanda suka gani, ko waiwaye ba ta yi ba, ta wuce abinta da ledar cefanenta. Na zage ta a zuciya ya fi a ƙirga, alhali na san ba ita ce ta hau ofishin inshora da takardun Yaya ba.

Na same shi a kan gadon asibiti, an yi masa ɗinki biyar a goshi, kafaɗarsa ta hagu ta goce an mayar an ɗaure. Umma tana gefe tana ta godiya ga Allah da abin ya tsaya iya nan. Yana ganina ya yunƙura.

"Auta, kin ga motar?"

"Yaya, ka bari ka warke tukuna."

"Ni lafiyata ƙalau. Je ki ga motar ki zo ki faɗa mini."

An ja ta zuwa garejin Dogo, bakaniken da ke duba ta tun zamanin Baba. Na tarar da ita a gefe, an tokare tayar baya da dutse. Gaban ya shige ciki, lagireto ya manne da inji, injin ya tsage mai duk ya tsiyaye a ƙasa. Gilashin gaba ya zube a kan kujera, gauraye da allurai da ƙwarƙwaron keke da suka watse daga jakar Yaya. Dogo ya buɗe ƙofar da ƙyar ya nuna mini ƙarƙashin sitiyari. Rodin nan biyu sun lanƙwashe.

"Kin gani?" ya ce. "Ƙarfen kamfani ya karye, waldar tsohon nan ba ta saki ba."

"Za ta gyaru?"

"Komai yana gyaruwa, ƙanwata. Amma ƙashin motar ya karkace. Abin da za a kashe mata zai sayi irinta biyu." Ya goge hannu da tsumma. "Wace inshora ce a kanta?"

"Ƙaramar."

Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. "Ash," ya ce.

Na durƙusa na tsince alluran ɗaya bayan ɗaya daga cikin gilas, har ɗaya ta soke ni. Ba don suna da tsada ba, ban dai san me zan yi da hannuwana ba ne.

Mutanen inshora kuwa ba su yi wasa ba, sai dai in zan yi musu ƙarya. Cikin mako biyu aka tashi ginshiƙin mai gidan nan, aka gyara get ɗin, aka shafe katangar da sabon fenti har ta fi da kyau. Mutumin da ko sannu bai zo ya yi wa Yaya ba. Ta gaban gidan nake wucewa kullum zuwa shago, kuma duk ranar duniya sai na kalli katangar, kamar mai taɓa ƙurji ya ji ko har yanzu da zafi.

Yaya ya koma zaman baranda. Da fari teloli sun yi kara, suna ɗauko kan keke a bayan babur suna kawo masa gida, ana hira ana tsokanarsa wai Likita ya zama majinyaci. Amma manyan kekunan lantarki da aka ɗaure a tebur ba sa ɗaukuwa, kuma su ne aikin da ke riƙe da gidan. Waya ta riƙa ƙara. "Likita, yaushe za ka leƙo?" Ya ce, "Kwana kaɗan, in Allah ya yarda." Tela kuwa ba ya jira da kayan mutane a hannu. Bayan wata guda wayar ta rage ƙara, muka ji labarin wani sabon mai gyara mai babur yana zagaya layukan da Yaya ya shekara goma sha huɗu yana bi.

Da kafaɗar ta yi dama-dama ya gwada fita da tasi. Ya rataya jakar kayan aiki ya tafi bakin titi ya ɗaga hannu. Direbobi su rage gudu, su kalli ƙasa su gan shi, su taka wuta. Wani ma ya miƙo masa tsaba ta taga ya wuce. Bayan awa ɗaya ya dawo, ya ajiye jakar a inda take zama, ya ce rana ce ta yi zafi. Daga nan suka koma wata dabara shi da matarsa: ita ta tsaya a titi ta tsayar da tasi, in direba ya yarda da wurin zuwa, sai Yaya ya fito daga bayan kantin da ke kusa. Ta ba ni labarin a kicin tana yanka albasa, ta ce, "Auta, mijina ne fa yake ɓuya kamar ɓarawo." Ba albasar ce ta sa ta hawaye ba, ni ma ba ita ba ce.

Maganar wata motar ba ta ma taso ba. Ko an samu, wa zai kwanta a ƙarƙashin sitiyari wata biyu? Dogo ya ce akwai kayan tuƙi da hannu na kamfani, ana ɗaurawa a rana ɗaya, amma sai da mota ake ɗaura su. Da babbar inshora ce, in ji shi, da an biya kuɗin motar an huta, ya nemo wata ya ɗaura. A gaban Yaya ya faɗa, ranar da ya zo dubiya. Yaya ya ce, "Ai mun nema, Dogo. Shekara shida Auta tana fama da su. Sun ƙi." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke kin yi iya ƙoƙarinki, kar ki sa wa ranki." Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni.

Sau biyu ina niyyar faɗa masa gaskiya. Na farko na same shi yana zuba wa filaya da sukudireba mai, kayan da ba su yi aikin da za su bushe ba, na zauna kusa da shi na ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Ko in haɗa maka shayi?" Na biyu har na fara, na ce akwai maganar inshora da nake so mu yi, sai Umma ta fito da tabarma ta zauna, na ce takarda ce ta rage da zai sa wa hannu a rufe fayil ɗin katangar. Wannan ɗin gaskiya ne, akwai takardar, kuma Anti ta yarda in kai masa gida.

"Bar ta a can," ya ce. "Ni zan je. Ina so in ga mutanen nan."

Na ce, "Me za ka je yi, Yaya? Bene ne fa, matakala ashirin. Ga kafaɗarka."

"Na taɓa hawa bene."

"In ka je ma ba abin da za su ƙara maka. Bari ni dai in kawo ta."

Ya ci gaba da goge filayarsa. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya ina yi wa wani kwafin takardun makaranta, sai na ga tasi ta tsaya a bakin get. Ƙofar baya ta buɗe. Silifa ɗaya ya faɗo ƙasa, sannan ɗayan. Na san silifan nan, ni na saya masa su.

Ya sa rigarsa ta fita, ya tattare ƙasanta ya ɗaure a ƙugu don kar ta ja ƙasa, ƙaramar jakar takardu tana rataye a wuyansa. Tasin ta juya ta tafi. Mai gadi ya taso yana kaɗa hannu. "Kai, ba a bara a nan."

"Ofishin inshora nake nema, malam," in ji Yaya.

Mai gadin ya nuna masa matakala da haɓa. Ni kuwa ina tsaye a bayan injin kwafi, fitilarsa tana kai da komo, ƙafafuna lafiyayyu sun ƙi ɗagawa. Ya ratsa filin, ya bi ta daidai inda ake duba motoci, bai kalli shagona ba domin bai san wanne ne ba. Matakalar tana manne da bangona. Da baya yake hawa: ya zauna a kan ɗaya, ya dafa ta sama da hannu biyu, ya ɗaga jikinsa ya zauna, ya jawo ƙafafunsa. Ina jin kowane zama ta bango. Wajen ta goma ya tsaya ya jima, na san kafaɗar ce.

Mai takardun makarantar ya ce, "Malama, kin yi wannan shafin sau huɗu." Na miƙa masa takardunsa na fita.

Ko da na isa ƙofar ofishin har ya hau benci ya zauna, yana haki, gumi ya jiƙe bayan rigar. Anti Mai Hatimi ta baro teburinta ta jawo kujera kusa da shi, ta ba shi ruwa. Ba wanda ya lura da ni.

"Ba roƙo na zo yi ba, ranki ya daɗe," yake cewa. "Na san ƙaramar ba ta biyan motata, an gaya mini tun farko. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Me ya sa kuka ƙi motata shekara shida ba tare da kun gan ta ba? Mahaifina ne ya yi aikin. Da kun turo mutum ɗaya ya taka... ya gwada birkin nan, da ya san ba aikin wasa ba ne."

Anti ta sa tabarau ta duba sunan da ke kan takardarsa, ta sake dubansa. "Mun ƙi? Bawan Allah, yaushe aka kawo ta balle mu ƙi?" Ta miƙa hannu ta jawo aljihun tebur, ta zaro wata takarda. "Ka ga wannan? Fom ne na motocin da aka gyara don masu tuƙi da hannu. Shafi ɗaya ne. Mai dubawa ya gwada birkin, in ya kama shi ke nan, a ba ka babbar. Yanzu haka muna da mutum huɗu irinka." Sai ta ɗaga kai ta gan ni. "Yauwa, ga ta nan ma. Mai Kwafi, ashe wannan ne mutumin naki da ke yin kwafi a wurinki? Ba duk shekara nake ce miki ya kawo motar ba? Kika ce ba ya son wahala."

Yaya ya juyo ya dube ni. Na so ya yi fushi, wallahi na so ya ɗaga murya ko ya jefe ni da kofin da ke hannunsa. Bai yi ba. Kallona kawai yake, kansa a ɗan karkace, yadda yake yi in yana sauraron keke. Ina gani ya harhaɗa komai, har da kwanar da yake sauke ni.

"Haka ne," ya ce wa Anti a hankali. "Ni na ce mata ba na so. Na manta ne. Tun da na bugu a kai nake mantuwa."

"Ayya," in ji Anti. "Allah ya mayar maka da alheri. Da ka daure ka zo, da yanzu wani zance ake." Ta kalle shi ta kalle ni. "Amma fa kun yi kama. Ko 'yan'uwa ne?"

Na buɗe baki, ya riga ni.

"A'a," ya ce. "Kwafi kawai nake yi a wurinta."

Ya karɓi biro ya sa hannu a takardar katangar, Anti ta buga hatimi. Ya ce ko za ta bar masa fom ɗin nan mai shafi ɗaya, ta ce ya ɗauka, suna da su da yawa. Ya ninke shi gida huɗu ya sa a jakar wuyansa, ya yi mata godiya, ya sauka daga bencin ya zura hannuwansa a silifa. Na matsa masa daga ƙofa ya wuce.

Saukar ta fi hawan wuya. Ina binsa a baya matakala bayan matakala. Na kai hannu zan karɓi jakar don ta daina bugun ƙirjinsa, ya kautar da kafaɗa. A ƙasa mutane sun taru a inuwa, masu jiran kwafi da 'yan sama da suka sauko shan iska, kowa yana kallo yana yi kamar ba ya kallo. Ya sauka ta ƙarshe ya kama hanyar get.

"Yaya!" na ce, da ƙarfin da sai da aka leƙo daga tagogin sama. "Yaya, don Allah ka tsaya. Jama'a, yayana ne! Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya!"

Ba wanda ya tambaye ni. Mai gadi ya sunkuyar da kai yana gyara kujerarsa. Yaya ya tsaya ya juyo.

"Rage murya, Auta," ya ce. "Wurin aikinki ne." Ya ɗaga kai ya bi shagunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wanne ne naki?"

Na nuna masa. Ya matso har bakin ƙofar, bai shiga ba. Ya kalli injin kwafin, ya kalli kantar da na jera takardu, da fankar, da kujerun roba biyu na masu jira. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce. "Na daɗe ina so in gan shi."

"Shigo ka huta, Yaya. Don girman Allah ka shigo. Ni zan fita in tsayar maka da mota."

"Koma ki sallami mutane, suna jiranki."

Ya juya ya ratsa filin ya fita. Ina tsaye a ƙofar shagona ina hango shi ta get, ya zauna a bakin titi, ya zare silifan hannun dama, ya ɗaga hannun. Tasi ta farko ta rage gudu ta wuce. Ta biyu ma ta wuce.